Cokali a Gefen Kwano

Baffa ya rasu da safe, bayan an sauko daga sallar asuba, masu koko ba su ko sauke tukunya ba. Kafin hantsi lungunmu na unguwar Nima ya toshe. An jera bencuna har bakin kwata, direbobin trotro, ƙananan motocin haya, suna ta danna hon a babban titi don mutane sun cinye rabin hanya. Kowa da irin gaisuwar da ya zo da ita. Zabarmawa masu sayar da albasa sun shigo a jere, suka ce Allah ya jiƙan rai, suka sami wuri suka zauna. Wata mata 'yar ƙabilar Asante da ke haya a ɗakin gaba ta ɗora hannu biyu a ka tana "due, due", ta'aziyyar yarensu, sai da aka raɗa mata cewa a gidan nan ba a kururuwa. Wani tsohon direba daga tashar motoci ta Tudu, ɗan ƙabilar Mosi, ya ƙi benci ya zauna a ƙasa yana kuka ba kunya.

"Mutumin nan ya raka ni garin Bawku ya dawo da ni ba adadi," in ji shi, "kuma bai taɓa shiga mota na ba."

Waɗanda suka san zamanin kaset sun gane abin da yake nufi. Samari kuwa sun riga sun tono tsofaffin muryoyin Baffa da wani ya kwafa zuwa waya, suna tura wa juna, suna kunnawa a bakin ƙofa. Sai ka ji muryar mamaci tana tashi daga aljihun wani yaro, mutane su yi dariya, su tuna inda suke, su share ido.

Ni ba dariya a raina, ba kuma kukan kirki. Hankalina yana madafa, inda mahaifiyata, Mma, take zaune tana hura wuta a ƙarƙashin ruwan wankan gawa. Liman ya riga ya faɗa cewa in an gama suturta shi, za a kira matan gida su shiga su yi masa addu'a su yafe masa, kafin a fita da shi bayan azahar. Kowa zai shiga ya ce ya yafe, har waɗanda ba a yi musu komai ba. Mutum ɗaya ce a gidan nan Baffa ya mutu yana jiran kalmar daga bakinta, kuma ban san ko za ta tashi daga gaban murhun ba.

Baffa wan mahaifina ne. Ya yi tuƙin babbar mota tsakanin Tudu da arewa har gwiwa ta ƙi, ya dawo ya kafa teburin goro a ƙofar gida. Goron nan dai suna ne kawai, rabinsa shi yake cinyewa. Abin da ke tara masa jama'a bayan la'asar labari ne. Ba tatsuniyar gizo ba, ba kuma tarihin annabawa ba. Wani gidan haya ya ƙirƙiro daga kansa, ya sa masa Gidan Ƙofa Ɗaya, ya zuba masa 'yan haya daga ko'ina: mai nama, mai ɗinki, malami, mai tura baro, bazawara mai sayar da shinkafa da wake. Famfo ɗaya, bayan gida ɗaya, mitar wuta ɗaya. Kullum sai an yi rigima, kuma kullum rigimar tana kama da wadda aka yi a lungunmu shekaranjiya. Wani mai gyaran rediyo ya fara ajiye rakoda a kan teburin, direbobi suna sayen kaset ɗin don kada barci ya ɗauke su a hanya.

Gwanintarsa a kamance take. Ba ya kwatanta mutum da dabba, wannan doka ce da ya sa wa kansa, ya ce in ka kira mutum jaki yara za su nemo sanda. Kayan gida yake ɗaukowa. Ya ce Hausarmu ta Zongo, unguwannin baƙi, kamar rigar gwanjo ce, ta rufa wa kowa asiri amma ba wanda aka auna aka ɗinka masa. Ya ce 'yan matan arewa masu ɗaukar kaya a kasuwa kamar gammo suke, kowa ya ɗora nauyinsa a kai, in an sauke a jefar da shi gefe. Ya ce 'yan siyasa suna shigowa Nima kamar mai sayen fata bayan Sallar layya, hanci a toshe, ya kwashi abin da ya kawo shi, sai baɗi. Ranar da ruwa ya ci ɗakunan bakin kwata, mutane suna ta zargin juna, masu wannan yare suna cewa masu wancan yare ne ƙazamai, ya sa mai gidan labarinsa ya tsaya a tsakar gida ya ce zaman nan namu kamar babbar kwatar Nima ne, kowane gida yana zuba nasa, in ta cika kowa ya rantse na maƙwabci ne ya yi yawa.

Na taɓa tambayarsa, bayan na girma, me ya sa ba zai fito fili ya faɗi magana ba.

Ya ce, "'Yata, in na ce a Zongo akwai ƙabilanci, kowa zai gyaɗa kai ya kalli na kusa da shi. Amma in na ɗauko abin da ke cikin ɗakinsa na ce ga kamarsa, duk sanda ya ga abin sai ya tuna."

Gaskiya ya faɗa. Ita ce kuma ta cinye mu.

Yana da taurin kai, kada wanda ya ce muku salihi ne. Akwai lokacin da ya sa ɓarawon takalma a masallacin labarin, sai wakilin wani sarkin ƙabila ya zo da babbar riga da mutum biyu a baya. Wai yadda ɓarawon yake jan magana ya yi kama da nasu, don haka Baffa ya fito ya faɗa a kaset cewa ba ɗansu ba ne. Baffa ya ɓare goro, ya ci rabi, bai ko miƙa masa ɗaya rabin ba.

"Ɓarawon nan ubansa ɗan arewa ne, uwarsa 'yar kudu, kakarsa ta wajen uwa kuwa 'yar garinku ce. Wane ɓangaren nasa za ka yanka ka tafi da shi?"

Wakilin ya kaɗa riga ya tafi. Sun daɗe ba sa gaisawa, ko a sahu suka haɗu kowa sai ya kalli gabas da kyau. Ranar rasuwar na ga jikan wakilin yana taya ɗaukar benci.

Yanzu bari in zo kan Mma. 'Yar ƙabilar Ga ce, daga bakin teku, 'yar masunta. Ta musulunta ta auri mahaifina, danginta suka juya mata baya, aka raɗa mata sabon suna, ta shigo gidanmu. Mu kanmu gidan nan tarkace ne: kakanmu daga ƙasar Hausa ya zo da fataucin goro, kakarmu Bawangariya ce, akwai jinin Dagomba a wani ɗakin. Amma duk waɗannan sun zama 'yan gida, ita ce ba ta zama ba. Ta koyi Hausa, ta koyi tuƙa tuwo, ta haddace abin sallarta, tana azumin nafila fiye da masu gorin. Duk da haka in za a yi shawara sai a jira ta tafi famfo. In an yi sabga ita ce a gaban wuta tun safe, in an zo ci matan gida su kewaye kwano ɗaya, ita a zuba mata nata a faranti a miƙa mata a bakin madafa. Goggo, ƙanwar su Baffa, takan ce ai don a girmama ta ne.

Baffa ya ga haka a wani suna da aka yi a gidan, abin ya tsaya masa a rai. A satin nan sai ga amarya daga bakin teku ta tare a Gidan Ƙofa Ɗaya. Ina nan ranar, cikin yaran da ke zaune a gaba, rakoda tana juyawa. Ya ce:

"Tana cikin gidan nan kamar cokali a gefen kwanon tuwo. An wanke shi, an goge shi, an ajiye shi kusa. Hannuwa suna shiga kwano suna fita, suna gugar juna, shi yana kwance yana ƙyalli. In baƙo ya zo sai a ɗauko shi a nuna, a ce mu ma muna da shi."

Ya juya yana kallon ƙofar gida, inda mata suke laɓe suna saurare. Jira yake kunya ta kama su. Sai wani ya fashe da dariya, sauran suka bi, har da buga cinya. A duk lungun nan mace ɗaya ce aka auro daga bakin teku. Mutumin da ya ƙi faɗin garin ɓarawo, ga shi ya nuna uwata da yatsa bai sani ba.

Washegari a layin famfo wata ta ce, "Ku matsa, Cokali zai ɗibi ruwa." Shi ke nan.

Mma ba mai yawan magana ba ce, amma a ranar ta yafa gyale ta fito har teburin goro, abin da matar ƙane ba ta yi wa wan miji. Tana riƙe da hannuna.

"Baffan yara," ta ce da Hausarta ta Zongo, "na bar uwa na, na bar gidan uba na, na zo wurin ku. Suna ɗaya kuka ba ni. Shi ma ka ɗauka ka ba su su yi wasa."

"Wallahi su nake so in kunyata. Don ke na yi."

"To, sun ji kunya?"

Ta ja ni muka koma ciki, kuma daga ranar ba wata magana da ta sake shiga tsakaninsu sai gaisuwa.

Sunan ya bi ta ko'ina. Masu sayen kifinta a kasuwar Maamobi da shi suke kiranta. A makarantar allo ni ce 'yar Cokali, ƙanena ɗan Cokali, ya sha dambe a kai har ya gaji. Waɗanda suka tare a lungun daga baya sun ɗauka sunanta ke nan, suna kiranta da shi cikin ladabi, har da rusunawa. Kwanon matan gida kuwa bai ƙara faɗi ba. Abin da ya canza kawai, yanzu akwai sunan da za a kira zaman nata da shi, a yi dariya a wuce. Na tsani wannan kamancen, na tsane shi har yau, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban taɓa jin wanda ya fi shi faɗin gaskiyar halin da uwata take ciki ba.

Baffa ya yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ya je Tudu da gwiwarsa mai ciwo yana bin direbobi su ba shi kaset ɗin, ashe an kwafa an sake kwafa, ya kai Kumasi ya wuce. Ya dawo da amaryar cikin labari, ya ce ita ce gishirin miyar gidan, ya ce igiyar guga ce da kowa ke sha ta dalilinta. Mutane suka ce madalla, suka manta kafin magariba. Wata rana ya ce da ni, "Na yi ta neman kamancen da zai kori wancan, ban samu ba. Mai daɗi ba ya kama jikin mutum." Daga ƙarshe abu ɗaya ya rage masa. Kowace safiya in zai fita, sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya ya gaishe ta da sunanta na gaskiya, cikakke, yadda kowa zai ji. Ita kuma ta ce "lafiya", ba ta ɗago kai ba. Haka suka yi har gashinsu duka ya yi fari.

Ba zan ɓoye alherinsa ba, don da shi muka rayu. Da mahaifinmu ya rasu, Goggo ta kawo shawarar Mma ta koma wurin danginta bayan takaba, a bar yara a gida. Dangin da suka yi watsi da ita tun tuni. Baffa ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa ko labulen ɗakin nan, kuma ba a taɓa ba. Da aurena ya tashi, dangin mijin suka zo daga Sabon Zongo, wani dattijo a cikinsu ya fara 'yan kewaye-kewaye, wai an ce uwar yarinyar tubabbiya ce, su kuwa gidan asali ne. Baffa ne waliyyina. Ya bar shi ya gama tsaf.

"Alhaji, mu duka a Zongon nan kamar fasinjan trotro ne. Wanda ya riga shiga ya samu gefen taga, sai ya ɗauka motar ubansa ce. Kakanka a ina ya hau?"

Aka yi tari, aka gyara zama, aka sa rana. Da na ba Mma labari ina murna, sai ta ce, "Baki nashi yana da kyau in ba kai ya kama ba." Ta ci gaba da gyaran kifinta.

Ciwon ya zo masa a hankali. Da farko hannun dama ne ya yi nauyi, magana tana fita da ƙyar. A kwanakin ne ya kira ni ya ce in roƙa masa ita. Ya ce ba ya tsoron abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa kamar yadda yake tsoron wannan, don haƙƙin mutum sai mai shi ya sauke. Na je na durƙusa gaban Mma na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "Ruwan zafi ya yi. Ɗauka, kai ma shi." Ban sake samun fuskar tayar da maganar ba.

Daga baya ɓarin jikin ya shanye gaba ɗaya, bakin ya tafi. Mutumin da ya ciyar da unguwa da magana ya koma sai ido. Matarsa ta riga shi, 'ya'yansa maza suna Turai suna bugo waya, ni ina gidan miji da yara, Goggo hannunta na karkarwa. Masu dariyar bakin teburi suka zo dubiya sau ɗaya suka ce Allah ya sawwaƙe. Mma ce ta ɗauki kwanon koko ta shiga ɗakin da ba ta taɓa taka ƙofarsa ba. Ba ya iya cin tuwo da hannu, sai an dama an ba shi da cokali. Na same su a haka ba sau ɗaya ba. Na ga idonsa yana bin cokalin daga kwano zuwa bakinsa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Takan goge masa da bakin zane ta ce, "Buɗe baki." In ya buɗe ta ce, "Haɗiye." Wata rana ya kama gefen gyalenta da hannun hagu, leɓensa na motsi, yana ta kokawa da wata kalma. Ta jira shi, ta daɗe tana jira. Da abin ya ƙi fita, ta zare hannun a hankali ta mayar masa kan ƙirji, ta ɗebo wani kokon.

To, ga mu a ranar. An gama wanka, an sa shi a likkafani, ƙanshin turare ya cika tsakar gida. A daidai lokacin wani saurayi a bakin ƙofa, da kyakkyawar niyya, ya ce, "Chale, abokaina, ku ji wannan, shi ne best ɗin tsoho." Ya ƙara murya. Sai ga Baffa da ƙuruciyarsa, murya garau, yana cewa an wanke shi, an goge shi, an ajiye shi kusa. Har da tsohuwar dariyar da ke cikin kaset. Na ruga na fizge wayar, amma muryar ta riga ta kai madafa.

Liman ya aiko a ce mata su shiga. Suka shiga bi da bi, suna fitowa da jan ido. Ya rage saura ita. Maza sun fara miƙewa a waje, an kawo makara, motar maƙabarta tana jira a titi. Goggo ta share hawaye ta leƙa madafa, muryarta a sanyaye, ba da nufin cin fuska ba ko kaɗan.

"Cokali, taso ka zo ka yafe ma shi. Za a fita da shi."

Mma ta tashi. Ta wanke hannu, ta gyara gyale, ta fito tsakiyar mata ta tsaya.

"Zan shiga," ta ce. "Amma mutum ɗaya cikin ku ya kira suna na tukun."

Matasan matan suka dubi juna, don su tun da suka zo abin da suka ji ke nan. Tsofaffin suka sunkuyar da kai suna lalube. Kowace safiya ana faɗinsa a kan kunnensu, shekara da shekaru, amma ba wadda ta taɓa ɗaukarsa. Goggo ta buɗe baki ta kira wani suna, na wata mata ce da ta taɓa haya a ɗakin baya. Ni na san shi, mana. Amma 'ya ba ta kiran sunan uwarta a gaban jama'a, kuma na gane ba daga bakina take son ji ba.

Ta ba su lokaci, kamar yadda ta ba Baffa ranar da ya kama gyalenta. Sannan ta gyaɗa kai ta shiga ɗakin, na bi ta. Ta durƙusa a wajen kansa ta yi addu'arta a ɓoye. Da ta gama ta yi magana a fili, yadda na waje za su ji.

"Baffan yara, na yafe ma ka, duniya da lahira. Kai sau ɗaya ka ce cokali."

Ta miƙe ta fita ta koma madafa. Ba wadda ta iya kallon fuskarta. Aka ɗauke shi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, ya auna masa niyyarsa kafin harshensa. Ya gan mu sarai, ya faɗa mana kamanninmu, mu kuwa muka ɗauki abin dariyar muka bar masa sauran. Na gode wa Allah da ya tafi ba da wannan nauyin ba, ina kewarsa, kuma har yanzu ina jin haushinsa.

Ranar sadakar uku na zo da sassafe don taya aiki. Mma tana tsakar gida tana tsince shinkafa, a daidai lokacin da ya saba fitowa ya gaishe ta. Na ga ta ɗan dakata, kanta a karkace wajen ƙofar ɗakinsa da aka rufe. Sai ga yarinyar maƙwabta ta shigo da sallama, ta rusuna.

"Wai in ji Mma na, Mma Cokali ya ba mu aron babban tukunya."

Mma ta ajiye tiren shinkafar, ta dafa gwiwa ta tashi, ta je ta ɗauko mata.